Zauren 'Yan Gari: Da Me Nura Zai Fara Kafin Ya Tafi Kano?

Nura: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Alhamdu lillahi sunana ya fito, an ba ni karatun lauya a Jami'ar Bayero. Saura wata biyu a shiga, ga shi an gama girbi ina zaune. Da me zan fara? Ina jin ana cewa dokar Ingila, dokar Faransa, Malikiyya, duk kaina ya ɗaure.

Anti Rabi: Masha Allah! Ɗan Inna Kulu zai sa gashin tunkiya a ka. Allah ya sa albarka.

Malam Garba (tsohon rijistara): Ɗana, kafin ka sayi littafi ko ɗaya, hau mashin ranar Litinin ka tafi kotun shari'a ta Gumel. Samu benci na baya ka zauna, kada ka ce uffan, sati uku. Ka lura da wanda alƙali yake neman shaidu a wurinsa da wanda ake miƙa wa rantsuwa. Sannan ka kasa kunne dab da yanke hukunci, za ka ji ya tambayi mutum ko yana da sauran magana ko wata hujja. Izari ke nan. Na ga hukunci mai kyau ya rushe a ɗaukaka ƙara don kawai an tsallake wannan tambayar. Kwana biyu kuma ka leƙa kotun majistare, ka ji yadda harshe yake sauyawa alhali gari ɗaya ne.

Liman Sale: Malam Garba ya yi gaskiya, amma zama babu tushe kallo ne. Nura, ina Risalar da ka ajiye a babin azumi? Ɗauko ta ka tsallaka babin ciniki da na hukunci da shaida da na gado. Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan ne, a Tunisiya, ya rubuta ta don yara, yau fiye da shekara 1,000. Littafin alƙalai kuwa Tuhfa ce ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa a Andalus, a waƙe take, tana da daɗin hadda. Muhtasar na Halil kada ka taɓa shi kai kaɗai, sai da malami. Kuma kada wani ya ce maka shari'a a rubuce baƙuwa ce a ƙasar nan. Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa yadda ake mulki da hukunci tun ƙarni na 15, Abdullahi ɗan Fodiyo kuma a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkam.

Nura: Allah ya gafarta Malam, tana nan, sai dai gara ta ɗan taɓa bangon.

Malam Audu Ticha: Ni da tarihi zan fara. Hammurabi sarkin Babila ya sa an sassaƙa dokoki 282 a jikin dutse kusan shekara 1,750 kafin haihuwar Annabi Isa. Dutsen yana Faris yanzu.

Anti Rabi: Ticha, yaro ya ce wata biyu gare shi, kai ka kai shi Babila.

Barista Hadiza: Ina gaida iyaye. Ƙanena, barka. Bari in kwance maka inda kanka ya ɗaure. Dokar Ingila alƙalai ne suka gina ta, hukunci a kan hukunci, tun zamanin Sarki Henri na Biyu a ƙarni na 12. Abin da kotun sama ta taɓa yankewa shi ke ɗaure ta ƙasa. Shi ya sa za ka kwana kana haddace sunayen shari'o'i, wane da wane. Mun gaje ta ne daga Turawa, har da dokokinsu na gama-gari da suke aiki ranar 1 ga Janairu 1900. Na Faransa kuwa kundi ne ke gaba. Asalinsa dokar Rum da Sarki Justiniyan ya sa aka tattara a ƙarni na 6, Napoliyon ya fitar da nasa kundin a 1804. Alƙali ya buɗe sashe kaza, ya ɗora maganar a kai.

Kawu Ila Mai Shanu: To yanzu na gane! Na raka abokin cinikina kotu a Damagaram kan kuɗin bijimai. Alƙalin da kansa ya riƙa yi musu tambayoyi yana duba wani littafi, lauyan ya fi yin shiru, kuma babu mai gashin tunkiya, baƙar riga ce kawai da farin ƙyalle a wuya. Na ce ikon Allah, daga Maigatari taku kaɗan ne, harshe ɗaya, fura ɗaya, amma shari'a ta sha bamban.

Barista Hadiza: Haka ne Kawu. Nura, shari'a ɗaya nake so ka nema a waya yau ɗin nan: ta Tsofo Gubba da En'e ta Gwandu, 1947. Kotun sarki ta yanke masa kisa a Malikiyya, kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke, domin a dokar Turawa wanda aka tunzura ya yi kisa laifinsa ba ya kaiwa ga hukuncin kisa. Sarakuna da alƙalai ba su ji daɗi ba, aka yi ta ja har gwamnatin Sardauna ta kawo Final Kod (Penal Code), wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, a 1959, ta fara aiki a 1960. An kwaikwayo ta daga ta Sudan, ita kuma daga ta Indiya ta 1860. In ka fahimci wannan, dawo da shari'ar Musulunci a hukunta laifuka da Zamfara ta fara a 1999, Kano da Jigawa suka bi a 2000, ba zai zo maka daga sama ba.

Malam Garba: Ki ƙara masa da dokar filaye ta 1978. A ƙauye rabin rigima gona ce.

Baba Tanko: Rabi? Ai kusan duka. Nura jikana, ni ba boko gare ni ba, ɗana ne yake rubuta mini. Mahaifina ya ara wa wani baƙo gonarmu ta bakin fadama, wadda tsamiya take tsakiya. Babu takarda, shaidun kuwa duk ƙasa ta rufe musu ido. Na tafi cirani na daɗe, na dawo ina ganinsu suna noma ina jin nauyin magana. Da na tashi nema, mai unguwa ya yi nasa, dagaci ya yi nasa, hakimi ya ce a je kotu. Alƙali ya tambaye ni shekara nawa ina kallo ban yi magana ba. Na ƙirga a yatsu, 14. Ya ce kawo shaidar aro. Babu. Ranar na fara jin kalmar hauzi. Har yau in na wuce tsamiyar nan kau da kai nake yi.

Liman Sale: Allah ya ba da haƙuri Baba. Hauzi shi ne mallakar abu saboda daɗewa da riƙe shi. Shekara 10 ce tsakanin bare da bare, in mai abu yana gari yana gani ya yi shiru babu abin da ya hana shi magana. Tsakanin dangi ta fi haka tsawo. Da shaidar aron ta tabbata, da hauzi bai ci gonar ba. Yana cikin Tuhfa, Nura.

Nura: Wallahi Baba ban taɓa sanin gonar tsamiya taku ce ba. Yaya Hadiza, shi sulhun zauren dagaci yana cikin abin da ake koyarwa?

Barista Hadiza: Za ku yi dokar al'ada, amma a takarda. Zauren ya fi aji, ka je ka zauna in an ba ka izini. Tsofaffin littattafaina na aji ɗaya suna Dutse, zan ba direba.

Kawu Ila Mai Shanu: Bar direba. Laraba ina Dutse, zan karɓo. Nura, ka same ni kara ranar Alhamis a Maigatari, ka zo da buhu.

Malam Garba: Litinin ƙarfe tara dai. Ka sa hula, ka kashe waya.