'Yan tsanar Kirsimeti na kwanson fayin: gogewar Hausawa mazauna arewacin Turai

Uwa daga Malmo, Suwidin

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Makarantar renon yara da 'yata take zuwa ta aiko da takarda cewa a farkon Disamba iyaye da yara za su taru da yamma domin aikin hannu, kuma ana so kowane gida ya zo da kwanson bishiyar fayin (bishiya mai ganye kamar allura, wadda irinta yake cikin kwanso mai ɓawo-ɓawo), da busassun 'ya'yan itatuwa, da jan ƙyallen ulu, a haɗa 'yan tsanar nan masu farin gemu da doguwar hula da ake kira tomte. Ba mu daɗe da zuwa ƙasar ba, don haka ina roƙon waɗanda suka riga mu zama su gaya mana inda suke samo kayan, da yadda suke shirya su, da kuma asalin wannan ɗan tsoho.

Ma'aikaciyar renon yara daga Kofanhegan, Danmak

Wa alaikumus salam, ƙanwata. A nan Danmak da Nowe sunansa nisse, kuma kowace shekara ni ce nake shirya wa ajinmu kayan haɗa shi. A camfin manoman yankin na dā, wani ɗan ƙaramin tsoho ne da ba a ganinsa, yana zaune a garken dabbobi yana lura da gona da shanu, kuma a daren 24 ga Disamba ana ajiye masa ƙwaryar kunu mai kauri da man shanu a kai don kada ya yi fushi. Siffar da muke gani yau a shaguna ta yaɗu ne musamman ta katunan gaisuwa na mai zane 'yar Suwidin Jenny Nyström, wadda ta rayu daga 1854 zuwa 1946.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, haɗawar ba ta da wuya, yaro mai shekara huɗu ma yana iyawa. Wahalar aikin tana wajen busar da kwanson. Kwanson fayin yana tsukewa idan ya sha laima, ya buɗe idan ya bushe, domin ta haka bishiyar take sakin irinta a ranar da babu ruwa. Na sha ganin iyaye sun kawo kwanso a tsuke, an manna masa kai da hula, bayan kwana biyu a ɗaki mai ɗumi ya buɗe ya tunkuɗe duk abin da aka manna. Ni nakan kakkaɓe ƙasar da tsohon burushi, in shimfiɗa takardar gashi a faranti, in sa su a obin a kan digiri 90 zuwa 100 na kamar awa ɗaya, kuma ba na barin kicin ɗin har sai na sauke. Zafin yana kashe ƙwarin da suka ɓuya a ciki, yana narkar da ƙaron da ke manne wa yara a hannu, kwanson kuma ya buɗe sosai. Ki nemi gajere mai faɗin gindi, domin shi ne yake tsayawa da kansa a kan tebur. Dogon siriri ya fi dacewa da ratayewa da zare.

Magidanci daga Helsinki, Finlan

Ina so in yi magana kan tsintowa, domin a nan ne baƙo yake iya shiga haƙƙin wani ba tare da ya sani ba. Suwidin da Finlan suna da tsari mai ba kowa damar yawo a daji ko da na wani ne, ya tsinki 'ya'yan itatuwan daji da naman kaza, ya kuma ɗauki kwanson da ya riga ya faɗo ƙasa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne karya reshen bishiya mai rai ko ɓare mata ɓawo. A Finlan an ƙara da cewa ba a ɗibar gansakuka sai da izinin mai filin, kuma mutane suna ɗaukar wannan da muhimmanci saboda tana daɗewa kafin ta sake tsirowa. Lokacin da ɗana ya so ya shimfiɗa ta a ƙarƙashin nasa ɗan tsanar, maƙwabcinmu ne ya ba mu daga filinsa. Gandun daji na gwamnati da aka keɓe kuma kowanne yana da nasa ƙa'idojin a rubuce a allon bakin hanya, a karanta kafin a sunkuya. Hajiya, ki fita yanzu cikin Oktoba kafin ruwa da ƙanƙara su jiƙa komai.

Uwa daga Hambug, Jamus

A Jamus Wichtel ake ce masa, kuma yaranmu sun fi yin amfani da kastaniya, wato 'ya'yan wata bishiya masu santsi da launin ruwan ƙasa, da 'ya'yan bishiyar ok, masu 'yar hula a kai. Kastaniya tana zubowa a Satumba da Oktoba, kuma dole a huda ta da basilla tun tana ɗanya, domin bayan mako biyu ko uku takan yi taurin da sai da injin hudawa. Wadda take zubowa a bakin tituna ba irin wadda ake gasawa a kasuwar Kirsimeti ba ce. Tana da guba, ga shi tana ƙyalli tana jan hankalin ƙaramin yaro, saboda haka ba na barin autata kusa da kwanon. 'Ya'yan ok kuwa sau da yawa akwai tsutsa a cikinsu, shi ya sa nake saka su a firiza na 'yan kwanaki kafin in shanya. 'Yar hular da ke kansu tana faɗuwa idan sun bushe, sai a tara ta daban a mayar da ita da gam, kuma ita kaɗai ta isa hula ga ƙananan 'yan tsana.

Malamin Islamiyya daga Oslo, Nowe

Iyaye Musulmi da dama sun tambaye ni ko ya halatta yaransu su shiga haɗa waɗannan 'yan tsanar Kirsimeti a makaranta, kuma ina ganin ya dace a faɗe ta a fili cikin mutunta juna. Ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana tana yarinya, kuma malamai da yawa sun dogara da wannan wajen sassauta wa yara. Shiga bikin wani addini kuwa mas'ala ce daban, wadda kowane gida ya kamata ya tambayi malamin da ya amince da shi. A namu gidan, na je na zauna da malamar ajin tun kafin ranar, na yi mata bayani a natse, ita kuma ba ta nuna damuwa ba. 'Yata ta zauna a tebur ɗaya da ƙawayenta ta haɗa 'yar bishiya mai dusar auduga da irin kwanson da kowa ya kawo. Abin da ba na ba da shawara shi ne a hana yaro zuwa makaranta ranar ba tare da an yi wa kowa bayani ba, domin yaron ne yake ɗaukar nauyin tambayoyin washegari.

Kaka 'yar asalin Wusasa, daga Gotenbog, Suwidin

Malam, na gode da yadda ka tsara maganarka. Mu a gidanmu Kirista ne, kuma ni nake haɗa wa jikokina waɗannan 'yan tsana duk shekara. Hannuna bai sha wuya ba, tun da da karan dawa muka taso muna yin 'yan tsana bayan girbi. 'Yata, ga yadda nake yi. Ina kifa kwanson, faffaɗan gindinsa ya koma ƙasa, in manna ƙwallon katako ko gyaɗar hazal a sama a matsayin kai. Gemu na gashin tumaki ne wanda aka shaɓe amma ba a kaɗa ba, kuma da yatsa ake yagarsa, domin almakashi yana bar masa baki a miƙe wanda ba ya kama da gemu. Hular kuma ina yanka ƙyallen ulu kamar kashi ɗaya cikin huɗu na da'ira, in naɗe, in ɗinke da allura, in jawo ta ƙasa har ta rufe goshi, hanci kaɗai ya leƙo. Yawancinsu ba a yi musu idanu, kuma a ganina sun fi kyau a haka. Idan ana son hannuwa na karan alkama, a jiƙa karan a ruwan ɗumi na kamar rabin awa, in ba haka ba yana fashewa wajen lanƙwasawa.

Ina jan kunnen kowa game da kyandir. A makonni huɗun da ke kafin Kirsimeti kusan kowane gida a nan yana kunna shi, busasshen kwanso mai ƙaro kuwa nan da nan yake kama wuta, har wasu suna hura murhu da shi. Nawa a bakin taga nake jera su, nesa da teburin kyandir.

Ma'aikaciyar renon yara daga Kofanhegan, Danmak

Mama ta tuna mini da batun gam. Bindigar gam tana kamawa nan take amma tana ƙona fata, don haka a ajinmu babba ne kaɗai yake riƙe ta, yara kuma a ba su farin gam na katako, wanda yake bukatar kwana ɗaya kafin ya kama sosai. Bayan biki a ajiye 'yan tsanar a kwalin takarda a wuri busasshe, ba a leda ba, domin leda tana tara gumi, kastaniya da 'ya'yan ok su yi funfuna kafin wata shekara.