Musayar Waƙa: An Ce Ka Rasu, Ga Ka a Layi

Ɗan Jekadafari:

Assalamu alaikum masu alƙalami na Gombe da kewaye. Maudu'in wannan makon shi ne wasan barkwanci na talabijin, irin wanda ba kai ba gindi, wanda mai hankali zai kira shirme amma ka tarar gida guda an taru a kansa. Amsa-amonmu "ya". Ƙwar huɗu ce, wato layi huɗu a kowane baiti, wanda ya fi sakewa a ƙwar biyu kuma bismillah.

Da sunan Rabbu nake farawa,
Mai ƙagowa, Mai rayawa,
Shi ke sanya mu kokawa,
Shi ke sanya mu dariya.

Ga tambayata 'yan uwana,
Ta daɗe tana cikin raina:
Mai gida bai ci ba da rana,
Me ya kai shi wasan tsiya?

Ya dawo ana bin shi bashi,
Fetur ya tashi, hatsi ya tashi,
Ya kunna akwati a gabanshi,
Sai ka ji ya kece da dariya.

A wasan an ɗauko jaki,
An ba shi ofis, an ba shi aiki,
Ana kai masa fayil da ceki,
Shi ko yana ta harbin baya.

Shin magani ne ko kuwa maye?
Ko gudun gaskiya ne a ɓoye?
Ku amsa min, iyaye da yayye,
Kowa ya faɗi gaskiya.

Malam na Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. Ni dai da damuwata na zo.

Ɗan Jekadafari, ka kira ni,
Batun nan ya jima a gare ni,
Hadisi ne ya tsayar da ni:
Yawan dariya na kashe zuciya.

Tun ran da aka janye tallafi,
Talaka ya rasa abin rufi,
Sai a miƙa masa wasa da tafi,
Ya manta wanda ya sa shi wuya.

Fushin da ya kamata ya tara,
Ya kai wa masu mulki ƙara,
Ya tafi a ƙyaƙyata da hira,
Gobe ya wayi gari kamar jiya.

Sannan ku duba wa ake wa ba'a:
Mai in'ina a gaban jama'a,
Baƙauye da mai ƙaramar sana'a,
Hujurati ta ce a bar wannan hanya.

Aya ta 11 nake nufi. Tallafin kuma na man fetur ne da aka janye ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya san abin da mudu ya koma daga ranar.

Adda 'Yar Pantami:

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Baitinka na ƙarshe na karɓa hannu bibbiyu. Na tsakiyar ne ban yarda da su ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina bakin aiki a Yulin 2015, ranar da bam ya tashi a babbar kasuwar Gombe ana shirin ƙaramar Sallah.

Malam, a asibiti nake kwana,
Abin da ke wucewa ta idona,
Ba na iya gaya wa ko da Inna,
Sai in haɗiye in yi juriya.

Ranar da bam ya tashi a kasuwa,
Ana cinikin Sallah mai zuwa,
Mun kwana tsaye muna ɗinkewa,
Babu mai kuka, babu mai tambaya.

Bayan kwanaki, a ɗakin hutawa,
Wata ta kunna wasan wawa,
Yana faɗa da kujera yana zagewa,
Muka ƙyalƙyale gaba ɗaya.

Daga dariyar sai ga hawaye,
Da suka daɗe a ciki a ɓoye,
Muka rungumi juna, ƙanne da yayye,
Ranar muka yi barci lafiya.

Malam, ba mu manta kowa ba,
Ba mu ce abin bai faru ba,
Kukan ne bai sami ƙofa ba,
Sai da wawa ya buɗe hanya.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Amurka an yi wani shiri mai suna MASH daga 1972 zuwa 1983, kan likitocin soja a yaƙin Koriya, suna fiɗa suna barkwanci. Akwai sojan da kullum ke sa kayan mata don a ce ya haukace a sallame shi, ba a sallame shi ba. An fara nuna shirin yaƙin Biyetnam bai ƙare ba, masu kallo kuwa 'ya'yansu na can.

Bappa na Herwagana:

Ku matso yara, tsoho zai yi magana,
Ya ga jiya, ya ga shekaranjiya.

Tun babu akwati a gidan kowa,
Tashe ke faɗa wa manya gaskiya.

Azumi in ya kwana goma,
Yaro ya sa gemun auduga ya tsaya,

Ya kwaikwayi dattijo mai rowa,
A ƙofar gidansa, ba ya jin kunya.

Mai gidan ya ji, ya gane kansa,
Ya ɗebo hatsi ya ba shi yana dariya.

Sannan aka yi yaƙin basasa,
Aka bar gwauraye, aka bar maraya.

Soja a lokacin abin tsoro ne,
In ya doso, kowa ya juya.

Sai ga Samanja daga Kaduna,
Da Hausar bariki, da tsawa, da fariya.

Ba aron kaki ya yi don wasa ba,
Soja ne, ya san bariki, ya sha wuya.

Muka yi wa kaki dariya a ɗaki,
Tsoro ya ragu a cikin zuciya.

Yaƙin nan daga 1967 zuwa 1970 aka yi shi. Muna kallon Samanja tun ba a yi Jihar Gombe ba, don sai 1996 aka cire mu daga Bauchi. Usman Baba Pategi, wato Samanjan, ya rasu a Nuwamban 2023, Allah ya jiƙansa.

Ɗan Wunti:

Gaisuwa daga Bauchin Yakubu. Bappa, barka da hutawa. A 1969 'yan wasan Monty Python sun yi wata fitowa a BBC: mutum ya mayar da aku matacce kantin da ya saya, mai kanti ya dage wai hutawa yake yi. Duk wanda ya taɓa shiga ofis da gaskiyarsa a hannu aka ce masa ba haka ba ne, ya san mai kantin nan. Da za a ba ni kyamara, ga wasan da zan shirya kan tantance 'yan fansho:

Tsoho ya je a tantance shi,
Akawu ya duba fayil ɗinshi,
Ya ce, "Baba, ai ka rasu, ga shi,
Kwamfuta ba ta yin ƙarya."

Ya ce, "Ɗana, ga ni a tsaye,
Taɓa hannuna ka ji, ina raye."
Akawu ya ce, "Ba na musu da iyaye,
Amma kawo shaida a takarda ɗaya."

"Wa ke bayarwa?" "Ofishin sama."
Can aka ce, "Mamaci ba shi da dama,
Sai magajinsa ya zo ya nema,
Da hoton kabari, gaba da baya."

Tsoho ya koma ya shimfiɗa tabarma,
Ya zauna makokin kansa da girma,
Ana ta "Allah ya yi masa rahama,"
Yana "Amin, na gode da ta'aziyya."

Ran sadakar uku sai ga akawu,
Ya durƙusa ya ce, "Sannu Kawu,"
Ya ja kwanon masa yana haɗiyar yawu,
Ya ce, "Marigayin akwai biyayya."

Da zaɓe ya zo aka aiko mota,
Ga sunansa a rajista an rubuta,
Aka ce, "Baba, fito ka dangwala ta,
Yau kam kana da rai da lafiya."

Bappa na Herwagana:

Ɗana, na yi dariya har tari ya sarƙe ni, Goggonku ta kawo min ruwa. Daga nan na kasa magana.

Ɗan Wunti, Allah ya yi maka albarka,
Abin da ka zana ya faru, ba ƙarya.

Na yi layin nan da abokin aikina,
Tare muka ci alli tun ƙuruciya.

Aka ce sunansa bai fito ba,
Ya yi ta zarya har ƙafa ta ƙi tafiya.

Ya rasu bai karɓi haƙƙinsa ba,
Labarin ya daɗe tsaye min a wuya.

Yau da ka sa shi zaman makokinsa,
Na ga fuskarsa, na yi kuka, na yi dariya.

Malam na Tudun Wada:

Adda, jikina ya yi sanyi, Allah ya saka muku da alheri. Bappa, Allah ya jiƙan abokinka, ya bi masa haƙƙinsa.

Yawa hadisin ya hana, ba kaɗan ba,
Manzon Allah bai ƙi raha ba,
Sai dai bai taɓa faɗin ƙarya ba,
Ko a wasa, sai gaskiya.

Wasan Ɗan Wunti na karɓe shi,
Bai taɓa tsohon ba, ya kare shi,
Mai hatimi ne ya sha kashi,
Irin wannan ba ni da jayayya.

Amma ina nan a kan bakana:
Yawancin wasan da ke gabana,
Na ƙasa ake duka dare da rana,
Na sama ba a ko ɗaga masa murya.

Dalilin ma ba ɓoyayye ba ne. Tashar gwamnati ba ta taɓa mai biyan ta albashi, mai zaman kanta kuma tana tsoron NBC, hukumar da ke sa ido kan tashoshi wadda ta sha cin su tara, da janyewar masu talla. Sai a huce a kan mai gadi da 'yar aiki.

Ɗan Jekadafari:

Malam, shi ya sa ake kawo jaki,
Ba shi da suna, ba shi da kaki,
Mai tara ya rasa abin kamawa a baki,
Mu ko mun gane shi gaba ɗaya.

Akawu na Bolari:

Na daɗe ina karanta ku, ban taɓa sa baki ba sai yau. Ni akawu ne, kuma na yi aikin tantancewa. Bappa, ka yi haƙuri.

Ni ne na bayan teburin nan,
Mai cewa, "Baba, ba ka nan."
Sunan daga sama yake zuwa nan,
Ba ni da ikon ƙara ɗaya.

In tsoho ya juya a hankali,
Da takardunsa a tsohon kwali,
Irinsa ne ya koya min riƙe alli,
Ranar tuwo ba ya wuce min wuya.

Da dare ni ma wasan nake kunnawa,
In ga akawu ana ta tsinewa,
'Ya'yana na dariya suna nunawa,
"Baba, ga ka!" In ce, "Ni ne, ba ƙarya."

Ɗan Wunti, wasan bai ƙare ba,
Ba ka kai ran ritayar akawu ba,
Ya shiga layi, bai ga sunansa ba,
Tsohon ya matsa masa: "Sannu da hanya."

Ɗan Wunti:

Na karɓa, Yaya Akawu, kai ka fi ni sanin cikin ofishin. Rubuto baitin farko na fitowar, ni zan ɗora. Malam, kai za ka ba mu abin da liman zai ce in mamata biyu suka zo sahun gaba ranar Juma'a. Adda, ke kuma likitan da za a kai su ya auna ko suna numfashi.