Zan sauka a gidan wasu Japanawa, ya zan yi da abinci da sallah?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. An saka ni cikin tawagar ƙungiyoyin al'umma da za ta je Japan ziyarar musayar al'adu, kuma a tsarin tafiyar kowa zai yi 'yan kwanaki a gidan wasu iyali, ba otal ba. Nawa masu masaukin dattawa ne, mata da miji, a jihar Chiba. Har sun turo hoton ɗakin da suka gyara min, ga tabarmar tatami, ga katifa a naɗe a gefe. Wallahi tun da na ga hoton nan nake tsoron in ɓata wa mutanen da suka karrama ni haka. Abinci ne babbar damuwata, sai sallah. Tsaraba kuma kilishi nake son kai musu. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka min.

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kilishin nan ki bar wa yara a gida. Japan ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama, ɗanye ko busasshe, sai da takardar hukuma. A filin jirgin Narita akwai karnukan da ke sunsuna jaka, kuma tun 2020 tarar tana iya kaiwa yen miliyan 3. Ki nemi rinin Ƙofar Mata ki kai musu. Su ma suna da tsohuwar sana'ar rini da baba, za su san darajarsa. A naɗe shi tsaf, ki miƙa da hannu biyu.

Ummi Okayama:
Yaya, ki rubuta musu tun yanzu, kada ki bari sai kin zauna gaban tebur. Mutane ne masu shiri tun da wuri, kuma abin da zai fi yi musu ciwo shi ne a ce uwar gida ta wuni a kicin, ke kuma ki kasa ci. Kada ki tsaya a "ba na cin alade" kawai. Romon taliyar ramen sau da yawa na ƙashin alade ne, sannan suna zuba sake (giyar shinkafarsu) da mirin a girki, duka biyun kuwa akwai giya. Ki faɗi abin da kike ci: kifi, shinkafa, ƙwai, tofu (awara), ganye. Matar da na zauna a gidanta da takardar da na rubuta mata take shiga kanti, ta ɗora tabarau a hanci tana karanta bayan kowace kwalba. Har yau in na tuna sai idona ya ciko.

Takalmi a bakin ƙofa ake cirewa, a ba ki silifas, amma ba a taka tatami da shi. Bandaki ma da nasa silifas daban, kada ki fito da shi. Ruwan zafin da ke cikin bahon wanka na kowa ne a gidan, kuma baƙo ake fara ba wa. Sai kin yi wanka da sabulu a waje kin ɗauraye tas kafin ki shiga, in kin fito kada ki zubar.

Sallah ba matsala. Alƙibla daga can tana yamma, ta ɗan karkata arewa. Bandakinsu galibi yana da abin fesa ruwa, tsarki da sauƙi. Ki dai riƙe ɗan tawul na goge ƙasa bayan alwala. In da bazara za ki, asuba kan yi tun wajen ƙarfe 3, ki sanar da su don kada motsinki ya tsorata su.

Maman Hanan:
Allah ya saka da alheri, ƙanwata. Gaisuwa fa? Ba na musabaha da maza.

Ummi Okayama:
Su ma ba su cika miƙa hannu ba, sunkuyawa suke yi. Ki ɗan sadda kai, ki ɗora hannu a ƙirji, ya wadatar. In kin ga wani ɗan akwati a falo da hotunan mamatansu da turare, ba wanda zai tilasta miki yin komai a gabansa. Kuma kada ki soke tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, don ga mamaci ake yin haka.