Saƙonni da tarurruka sun cinye mini lokacin aiki, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan ina aiki daga gida, kuma aikina shi ne nazarin bayanai da rubuta rahoto, irin aikin da ba ya yiwuwa sai mutum ya natsu ya tattara hankalinsa wuri guda. Daga kunna kwamfuta har zuwa tashi saƙonnin Slack, manhajar da muke tura wa juna saƙon aiki, ba sa yankewa, tarurrukan Zoom kuma a warwatse suke, ɗaya da ƙarfe 10, ɗaya da 12, wani da 2:30, ta yadda abin da ya rage a tsakaninsu bai isa a fara komai ba. Jiya na buɗe rahoto tun ƙarfe 9, amma har yamma sakin layi biyu kawai na rubuta, sai da dare ya raba na ƙarasa shi. Ina tsoron kashe sanarwa kada a ce ba na bakin aiki, tunda shugabana ba ya ganina sai ta ɗigon koren nan da ke kusa da sunana a Slack, mai nuna ina kan layi. Wace hanya kuke bi?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam 'yar uwa. A ganina tsoron da kika ambata a ƙarshe shi ne tushen matsalar, domin maɓallin dakatar da sanarwa yana nan a Slack, abin da ya hana ki taɓa shi kuwa rashin yarjejeniya ne tsakaninki da shugabanki. Na daɗe ina zaton ana jiran amsata nan take, sai da na tambaya aka ce mini ko bayan awa biyu na amsa ba laifi, ashe ni na ɗora wa kaina nauyin da ba wanda ya aza mini. Ki same shi da shawara a rubuce: daga ƙarfe 9 zuwa 11:30 kin keɓe a kalanda domin rahoto, za ki duba saƙonni sau uku a yini, idan kuma abin gaggawa ya taso a kira ki ta waya. Ki ce gwaji ne na mako biyu, domin shugabanni sun fi saurin amincewa da abin da za a iya janyewa. Idan ya ce ai amsa saƙo ba ya wuce minti ɗaya, ki bayyana masa cewa asarar ba a mintin take ba. Mai bincike Sophie Leroy ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar aiki bai kammala ba ya koma wani, wani kaso na hankalinsa yakan maƙale a kan na baya, shi ya sa duk katsewa ke jawo ɓata lokaci kafin tunani ya dawo inda ya tsaya.

Amsa ta biyu

Ni tsarin Pomodoro nake bi, wanda Francesco Cirillo ya ƙirƙira a ƙarshen shekarun 1980: aikin minti 25, hutun minti 5. Wayata kuma a wani ɗaki nake barinta, domin ko a kife take a kan tebur hannuna sai ya kai gare ta.

Amsa ta uku

Ina girmama ra'ayin ɗan uwan da ya gabace ni, amma minti 25 ya yi kaɗan ga mai nazarin bayanai, daidai lokacin da lissafi ya fara kama hanya ƙararrawa za ta buga. Tarurrukan nan su ne suka fi damuna a bayaninki, 'yar uwa. Tarurruka uku na rabin awa ba su wuce awa ɗaya da rabi ba, amma yadda aka baza su sun lashe yinin duka. Ki nemi a jera su bayan ƙarfe 1, wanda kuma bayar da labarin inda aiki ya kai ne kawai a mayar da shi rubutaccen saƙo. Kafin ki shiga kowane taro, ki rubuta jimla ɗaya a ƙasan rahoton game da abin da za ki yi na gaba, za ki ga komawa ta yi sauƙi. Aikin daren kuwa ki daina shi, domin muddin rahoto yana isa a kan lokaci, shugabanki ba zai taɓa sanin cewa akwai matsala ba. Ba ke kaɗai ba ce, har doka Faransa ta fara aiki da ita a 2017 kan 'yancin ma'aikaci na rufe saƙonnin aiki bayan tashi.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar aikin dare ta taɓa ni, domin ban taɓa lura cewa ni nake rufe ɓarnar ba. Na rubuta wa shugabana shawarar gwajin, na kuma keɓe safiyar Litinin a kalanda. Sai dai taron ƙarfe 10 da abokan aikinmu na wata ƙasa ake yinsa, kuma a wurinsu lokacin tashi daga aiki ne, don haka ba zai matsa ba. Akwai wanda ya gwada mayar da lokacin natsuwarsa bayan tsakar rana?