Me likitan haƙori yake yi a cikin kakin soja?

Ɗan Bukuru:
Assalamu alaikum jama'a. Kullum in ana yabon likitocin soja, masu tiyata da masu ɗinke raunin harsashi ake ambata. Amma na ji cewa asibitocin soja, irin na barikin Rukuba, suna da likitocin haƙori, hafsoshi sosai masu anini a kafaɗa. Aikinsu ya wuce cire haƙori kuwa? Ciwon haƙori har zai hana soja aiki?

Baban Safiya:
Wa alaikumus salam. Zai hana, ɗan'uwa. Ba a jin labarinsu ne saboda yawancin aikinsu suna gama shi tun soja bai bar bariki ba. Ƙaramin kogo a haƙori, cikin rabin awa an share shi an cike. In aka bar shi ya ci har ya kai jijiya, sai mugunya ta taru a gindin saiwa, kunci ya kumbura, barci ya gagara. A daji kuma abin da ma'aikacin jinya ke ɗauke da shi bai wuce maganin rage zafi da na kashe ƙwayoyin cuta ba. Waɗannan lafar da ciwon kawai suke yi. Sai an cire haƙorin ko an kwashe ruɓaɓɓiyar jijiyar ake rabuwa da shi. Fitar da mutum ɗaya daga sansani kuwa sai da mota da direba da masu rakiya.

Shi ya sa sojan Amurka suke raba baki aji huɗu. Na ɗaya lafiya lau, na biyu akwai gyara amma ba na gaggawa ba, na uku ana sa ran ciwon zai tashi cikin wata 12, na huɗu wanda lokacin dubarsa ya wuce. Mai aji uku ba a tura shi fagen daga sai an gyara.

Abin da ya fi damun matasan sojoji shi ne turmin ƙarshe, wanda ke fitowa tsakanin shekara 17 da 25, daidai shekarun kuratan da ke shiga Defot na Zariya. Yakan fito rabi, dasashi ya rufe sauran, abinci ya riƙa maƙalewa a ƙasan fatar. In kumburi ya gangara ƙarƙashin harshe da haɓa, yana iya toshe hanyar numfashi. Wannan na gaggawa ne, ba a kwana da shi.

Maman Khalil:
Baban Safiya ya yi bayani. In ƙara da ciwon dasashin da ya yi suna a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya: dasashi ya yi gyambo tsakanin haƙora, jini, wari, zafin da ke hana cin abinci. Rashin barci, fargaba, taba da kwanaki ba a goge baki ba, su ke kawo shi, kuma duk soja a daji yana fama da su. Maganinsa a kankare dattin haƙora, a ba da metronidazol da ruwan kurkure baki. Ga shayi mai sukari da lemon kwalba da masu gadin dare ke sha don korar gyangyaɗi. Burushi da man goge baki mai fulorayid sau biyu a rana. In babu, aswaki ya fi zama haka nan. Don Allah a daina danna asfirin a kan dasashi, ƙona naman yake yi.

Matuƙan jirgin sama da masu nutso na sojan ruwa nasu daban ne. Iskar da ta maƙale a ƙasan cikon da ya lalace tana buɗewa ko matsewa da canjin matsin iska, ciwo ya taso wa mutum yana sama.

Malam Na Tudun Wada:
Hajiya, kin bar mana ɓangaren rauni. Hular kwano ba ta rufe muƙamuƙi. In ya karye, likitan haƙori ne ya san yadda na sama da na ƙasa ke haɗuwa, da haka yake mayar da ƙashin mazauninsa. A ɗaure da waya mako 4 zuwa 6, ko a sa ƙananan faranti da sukurori. Mai waya kunu da romo yake sha, kuma ana ajiye almakashin yanke waya kusa da shi saboda amai. Haƙorin da ya fita ɗungurungum, a riƙe shi ta kai ba ta saiwa ba, a mayar da shi gurbinsa ko a jefa a madara, a kai asibiti cikin awa ɗaya.

Sashen ya daɗe: Amurka ta kafa nata a 1911, Ingila a 1921. Akwai kuma aikin da ba a son faɗa. In wuta ko bam ya ɓata fuska, hoton haƙoran da ke fayil ɗin soja yana cikin abin da ake gane gawa da shi, iyali su samu su yi wa ɗansu sutura.

Ɗan Bukuru:
Allah ya saka. Malam, yaya ake shiga?

Malam Na Tudun Wada:
Digirin likitan haƙori shekara 6, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, rajista da hukumar MDCN, bautar ƙasa, sannan a nemi DSSC idan rundunar ta buɗe. Horon soja kuma babu ragi don kai likita ne.