Ɗiyar Tawa da Daren da Kuran Ya Ɗauke

Ɗan Ader:
Salamu alaikum 'yan zaure. Daren Asabar na je kallon ɗiyar nan tamu mai waƙar sol, a wani fili a unguwar Yantala ta Yamai. Kowa ya ɗora, amma harafinmu "ra" ne.

A gidajen biki na Tawa ta fara,
'Yar amshi, bayan zabiya, cikin yara.
Yau ga ta a Yamai, shiga jaka biyu,
Kujeru sun cika, a tsaye aka bar saura.
Tana jan baiti kamar mai jan guga
A rijiyar Ader, ka ce ta gaji, sai ta ƙara.

Baba na Bukoki:
Ɗana, sannu da kallo, amma tsaya,
Zanen aro ba ya rufe katara.
Sol kiɗan baƙaƙen Amurka ne,
Daga waƙen coci ya taso ya yi zarra.
Sarauniyarsu Aretha, a Detroit ta girma,
A cocin ubanta tun tana ƙarama ta rera.
Mu mawaƙi Ɗan Gurmu muka sani a Tawa,
Har gasa ke da sunansa, ka ankara.
Ina gurmi a wajenta? Ina kalangu?
Sai piyano da gangunan Nasara.

'Yar Yantala:
Baba, a gafarce ni, ina wurin,
Ba ji na yi ba a bakin masu hira.
Ƙarfe goma da rabi kuran ya ɗauke,
Piyano ya mutu, mikoro ya daina ƙara.
Samari suka tashi, "A mayar mana da kuɗinmu!"
Ita ko ta tuɓe takalmi, ba ta jira.
Ta sauko ƙasa, hasken salula a fuskarta,
Ta kife ƙwarya, ta ce mu saurara.
Waƙar matar ɗan cin rani ce,
Ya tafi Abijan, shekara uku ba saƙo ba kira.
Tsohuwa mai dambun zogale a gefena
Ta manta ciniki, hawaye na zarara.
Ban ga Amurka a wannan kuka ba, Baba,
Na ga ƙanwar uwata tana jira a zaure da yara.

Mai Gita:
Ni a cibiyar kiɗa ta Taya na koyi sana'a, don haka a yi haƙuri da ni.

Murya akwai, wannan ba gardama,
Amma akwai wurin da za ta gyara.
An ce ƙarfe takwas, ba ta hau ba
Sai da agogo ya wuce tara.
Waƙoƙinta biyu na Turanci kwaikwayo ne,
Harshe na tuntuɓe, numfashi na tsera.
Babban dandalin wasa na Umaru Ganda ba gidan biki ba ne,
In tana son sa, makaɗinta ya rage ƙara.

Baba na Bukoki:
Ƙwarya kika ce, ɗiyata? Ashe da sauranta.
To ku saya mini tike, in zo in saurara.
Amma in ta soma Turancin nan,
Sandata zan ɗauka in nemi taksi.

Ɗan Ader:
Baba, ka karya harafi, "taksi" ba ta cikin "ra"! Tara gare ka: kai za ka biya dambun.