Me ya sa ake hana kamun ƙaguwa bayan ta yi saɓa?

Tambaya:
Jama'a, don Allah me ya sa hukumomin kamun kifi ke rufe kamun ƙaguwar sayarwa idan ɓawonta ya yi laushi? Ai masunta na mayar da masu laushin cikin ruwa.

Amsa ta 1:
Malam, mayarwar ba ta cetar da su duka. Ƙaguwa ba ta girma sai ta yi saɓa, ta tuɓe tsohon ɓawo, ta sha ruwa ta kumbura. Sabon ɓawon yakan ɗauki makonni kafin ya yi tauri. A wannan tsakanin, masu tauri na danne ta a cikin tarko, ƙafa ta karye, ɓawo ya tsage wajen zazzagewa a jirgi, wasu ma su cinye ta. Da yawa sai bayan an sake su suke mutuwa. Ga shi naman kaɗan ne, yawanci ruwa. Asara biyu ke nan.

Amsa ta 2:
A gabar yammacin Amurka, ga irin ƙaguwar da ake kira Dungeness, a kamun sayarwa namiji kaɗai ake ɗauka, mai faɗin ɓawo inci 6.25 zuwa sama. Kafin buɗe lokacin kamu sai an kamo samfuri, a dafa, a cire naman a auna. In bai kai adadin da aka gindaya ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta, a ɗage buɗewar.

Amsa ta 3:
Wajen tantance mai laushi, a danna babbar gaɓar ƙafa da yatsa. In ta lotsa, a sauke ƙaguwar cikin ruwa a hankali nan take, kada a wurga daga sama.